Tsoron da Dakarun Jiki Suka Kasa Mantawa

Ku matso ku ji dalilin da ya sa borin jini ke tasar wa mutum ba gaira ba dalili. Kai mai susar wuya, da kai nake.

A da can jiki bai san ƙaiƙayi ba. Akwai dakaru a cikin jinin kowa, aikinsu kuwa shiru suke yinsa. In cuta ta shigo, sai su haɗiye ta ɗungurungum su koma su kwanta. Iyakar dabarar da suka sani ke nan.

A lokacin akwai wata mata mai suna Tabawa, tana noman shinkafa a fadama da 'yarta tilo, Lantana. Ba takalmi suke shiga taɓo, don a ganinsu mai dashe da takalmi rago ne. Wata rana tsutsa ta huda tafin ƙafar Lantana, ta bi jini har hanji, ta kafa baki.

Dakaru suka zo haɗiya, suka tarar da abin da ya fi ƙarfin bakinsu. Shugabansu ya zagaya ta bai ga ƙarshenta ba. Tsutsa ta yi magana a hankali, muryarta sanyi ƙalau.

"Ranka ya daɗe, me ya yi zafi? Ɗan lungu nake roƙo. Ɗigon jini ya ishe ni, yarinyar ma ba za ta sani ba."

Don tsoro suka yarda, suka ce wai zaman lafiya ne. Ita kuwa ta yi ta sha tana girma, 'yan uwanta suna ta biyo sawunta.

Lantana ta fara ramewa. Cikinta ya kumbura, tafin hannunta ya yi fari fat, har ta koma tsintar ƙasa tana ci. Tabawa ta buɗe idon 'yarta ta ga babu ɗigon ja a ciki, sai tsoro ya kama ta. Ta rungume ta tana kuka.

"Inna," in ji Lantana, "wani abu yana motsi a cikina."

Dakaru suka ji. Suka duba, jinin da suke zaune a ciki ya kusa ƙafewa. Shugabansu ya ce tun da tsutsar ba ta haɗiyuwa, a hana ta zama. Suka yi mata taron dangi, suka manne a jikinta suna zuba mata dafi. Suka kwararo majina har bangon hanji ya yi santsi, suka sa shi ya yi ta murɗawa. Lantana ta yi ta birgima, fata ta yi ruɗu-ruɗu, Tabawa ta ɗauka ajali ne. Can sai gudawa ta ɓalle, tsutsotsi suka fito suna mutsu-mutsu a ƙasa.

Yarinya ta tashi, amma dakaru ba su warke daga firgita ba. Da kaka ta yi, ƙurar masussuka ta taɓa Lantana, dakaru suka far wa ƙurar, sai ga jikin yarinyar ya tashi, tana atishawa tana hawaye. Ƙura ta rantse ita ba tsutsa ba ce. Shugaban ya ce waccan ma da lallami ta zo.

Shi ya sa har yau, ko abin da ba ya cutarwa ya taɓa wani, dakarunsa kan tashi da ƙaiƙayi da majina. Sun taɓa sauraron baƙo sau ɗaya, kuma sun ga yarinya a bakin kabari.