Shirun da Auta Bai Yi Ba

Akwai wani mai haɗa wa ofisoshi intanet, kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne mai sanyin hali, "a'a" nauyi take masa a baki.

Har na'urar da ke rarraba intanet a gidansu sai da ya koya mata halin nan. A cikinta akwai ma'ajiya inda saƙonni ke bin layi kafin su fita. Injiniya ya faɗaɗa ta iya faɗi, wai kada a mayar da saƙon kowa.

Duk ƙarshen mako mahaifiyarsu, Inna, kan zauna a falo ta kira autanta da ke aiki a wata ƙasa. Lokacin kuwa jikoki na ta tura bidiyo, surukarta na ɗora hotunan ɗinki a intanet. Sai muryar Inna ta bi layi a bayansu.

"Auta, kana lafiya?"

Shiru. Tana buɗe baki za ta maimaita, sai amsarsa ta faɗo a tsakiya.

Sati uku ana haka. Ran nan ta kife wayar, idonta ya ciko. "Yaron nan ya canza. In yi magana ya share ni, in ci gaba ya katse ni. Kada a sake kira mini shi."

Maganar ta tsaya wa Injiniya a rai. Ya gwada ƙarfin intanet, lafiya lau. Sai ya nufi wurin tsohon ubangidansa da ya koya masa aiki, ya zayyana masa matsalar da yadda ya faɗaɗa ma'ajiyar.

Dattijon ya yi dariya. "Kai da tausayinka! Na'urar da ba ta taɓa ƙin karɓa, yaya masu turowa za su san hanya ta cika? Gajarta layin. In ta zubar da kaɗan daga saƙonnin, wayoyin masu turowa za su sassauta su sake turowa. Ita murya ba ta jure jira."

Injiniya ya koma gida ya gajarta layin, yana ɗari-ɗari, sannan ya kira Auta. Da ƙyar ya lallashi Inna ta karɓi wayar, fuska a ɗaure.

"Auta."

"Na'am, Inna!" tun ba ta rufe baki ba.

Ta dafe ƙirji. "Ashe kana jina, ɗan nan?"

"Kullum ina amsawa, Inna. Ni ma na zaci fushi kike da ni."

Nan ta fashe da kuka, tana sa masa albarka.

Darasi: Karɓar komai ba shi ne kirki ba. Abin da ba za ka iya isarwa a kan lokaci ba, ka ce "a'a" da wuri, kada jira ya raba masoya. Ku tura wa wanda ya kasa cewa "a'a".