Ɗakin da Aka Toshe wa Tabawa

Ku saurara da kyau, domin idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A wani gari, gwamnati ta gina rukunin gidaje domin masu ƙaramin ƙarfi, ta haɗa da sabon tsarin tsimin wutar lantarki. Tsarin ya ce a liƙe duk wata kafa da iska ke bi domin kada sanyin ɗaki ya fita, a daina girki da itace, a koma rishon lantarki. An rubuta shi ne a wani ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, da janareta yana ruri a bayan gini.

A garin akwai wata tsohuwa mai saƙar faifai, ana kiranta Tabawa. Shekara talatin ta yi a ɗakin haya mai yoyo. 'Ya'yanta uku ne: Barira, Sallau da Lantana.

Barira, babbarsu, ita ce ta yi boko. Wata bakwai ta yi tana zarya a ofishin rabon gidaje, kullum ana cewa ta dawo gobe, har sunan uwarsu ya fito. Ita ta karanta wa tsohuwar sharuɗɗan: duk wanda ya fasa bango ko ya hura wuta a tsakar gida, za a ƙwace makullinsa. Ta ce, "Inna, don Allah kada a ga hayaƙi a gidan nan. Mutum ɗari ne a layi suna jiran ki yi kuskure." Ba don Barira ba, da Tabawa tana nan tana tara kwanuka a ƙarƙashin yoyo.

Sallau magini ne. Ranar da mai duba gidaje ya zo, ya tarar da ƙananan ƙofofi biyu kusa da rufi, irin waɗanda magina suka gāda suna bari, ya ce ba makulli sai an toshe su. Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗaki ma yana numfashi." Jami'in ya ɗaga takarda ya ce, "Nuna min inda aka rubuta haka." Sallau ya kwaɓa siminti ya shafe ƙofofin, ya manna roba a ƙasan ƙyaure. Ba don Sallau ba, da makullin bai shiga hannun uwarsu ba.

Lantana, auta, ta je gaishe ta cikin marka. Ta tarar kwana tara ba wuta a rukunin, risho na ajiye sabo fil, tsohuwa tana jiƙa garin kwaki da ruwan sanyi. Ta koma gidanta da kuka, ta naɗo murhun gawayinta a cikin zane, ta wuce da shi ta gaban masu gadi. Ta ce, "Gawayi ba ya hayaƙi, Inna. Ba wanda zai gani." Ba don Lantana ba, da yunwa ta kwantar da Tabawa.

Ranar Juma'a da hantsi, ana ruwa, Tabawa ta rufe ƙofa da taga kada maƙwabta su ji ƙamshin girki. Ta hura gawayi, ta ɗora tukunya, ta ɗauki saƙarta. Da la'asar aka ɓalle ƙofar, aka same ta a jingine da bango, faifai a cinyarta, kamar mai gyangyaɗi. Tukunyar ta ƙone ƙurmus.

Ranar addu'ar bakwai, ma'aikata suka zo suka kafa allo a bakin rukunin, mai yabon mazaunansa da cewa babu waɗanda suka kai su tsimin wuta. Ba su shiga gidan makokin ba.

A cikin gida kuwa, Barira ta ce, "Ni na kashe ta, ni na sa mata tsoro." Sallau ya ce, "Ƙarya ne, Yaya, hannuna ya shafa simintin, kuma na san amfanin ƙofofin." Lantana ta ce, "Ku bar min, murhuna ne." Har yau ba wanda ya yarda ya sakar wa ɗan'uwansa laifin, kuma ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba.

To, tunda wanda ya rubuta takardar bai zo ko gaisuwa ba, a cikin ukun nan wa za ku ɗora wa alhakin ran Tabawa?