Jan Layin da Garau Bai Gani Ba

Akwai wani dattijo mai gidan ƙyanƙyasar ƙwai da ake kira Garau, saboda ko gaisuwa ka yi masa sai ya shaida maka idonsa garau yake. Alhali tabarau na nan cikin aljihunsa, kunyar sa shi yake ji gaban ma'aikata.

Manhajar da ke nuna zafin injinansa tsohuwa ce, ta ƙi zama a sabuwar kwamfuta. Sai 'yarsa ta girka wata kwamfutar a cikin sabuwar, tsohon tsarin ya zauna a taga guda a kan allon kamar ɗan haya. Kowane inji da layinsa: kore lafiya, ja matsala. Layin ƙarshe, can ƙasa, na injin 'yar ne da ke ɗakin baya. Shi ne zubin ƙwai na farko da ta yi da sunanta, bayan ta daɗe tana roƙon uban ya yarda da ita.

Da tafiya ta kama ta, ta ce, "Baba, don Allah kar a taɓa ma'aunin allon nan. In rubutun ya yi maka ƙanana, ga tabarau."

"Ni kike koya wa kallo? Kafin a haife ki nake gane ƙwai mai rai da ido."

Ko ƙurar motarta ba ta kwanta ba ya ja kujera. Ya lalubo inda ake sauya ma'aunin allon kwamfutar ta ciki, ya rage shi. Rubutu ya kumbura ɓaro-ɓaro. Garau ya yi murmushi. Bai lura ba, da rubutun ya girma, ƙasan shafin ya nutse, layin ƙarshe ya fita daga tagar.

Kullum in ta kira sai ta ce, "Baba, duk kore ne?"

"Duk abin da nake gani kore ne."

Kuma wallahi ba ƙarya ya yi ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Matarsa ce ta fara cewa, "Malam, ɗakin baya fa akwai wani wari-wari." Ya ce hancinta ne. Ƙudaje suka fara taruwa a bakin ƙofar. Ya ce zafi ne ya kawo su.

Ranar ƙyanƙyasa sauran injinan suka cika da kukan 'yan tsaki. Ɗakin baya shiru, irin shirun da ke sa tsigar jiki tashi.

'Yar ta dawo da rana tsaka. Ba ta shiga ɗakin ba, kwamfutar ta nufa. Ta kalli manyan haruffan, ta kalli ubanta, ta mayar da ma'aunin yadda yake. Shafin ya tsuke. Daga ƙasa jan layi ya ɓullo yana ƙiftawa, yana nuna zafin da ya dafa ƙwanta tun washegarin tafiyarta.



Garau ya zaro tabarau ya sa. Abu na farko da ya gani garau shi ne hawayen 'yarsa.

Darasi: Wanda ya ɓoye rauninsa don kar a raina shi, sau da yawa wani ne yake biyan hasarar. In ka sauya saiti, duba abin da ya ɓace, ba abin da ya yi maka daɗin gani kaɗai ba. Ku tura wa duk wanda kunya ke hana shi cewa "ban gani ba".