Hannun da Ba a Ƙirga Ba

Akwai wani dattijo da ya yi shekara talatin da biyu yana gyaran injinan saƙa a wata babbar masaƙa. Ba mai kiran sa da sunan yanka. Lasifika ake ce masa, domin in ya buɗe baki a wannan ƙarshen ɗakin saƙa, na wancan ƙarshen zai ji shi duk da rugugin injina. Matarsa kan ce ko raɗa ya yi mata, sai maƙwabta sun amsa.

A zamanin ƙarfinsa shi ne sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙar, kuma a faɗi gaskiya, ya yi aiki. Kafin ƙungiya ta kafu, ƙurar auduga ma'aikaci ke shaƙa daga safe har yamma, tari ya zama kamar gaisuwa. Inji ya cinye maka yatsa, a miƙo maka tsumma ka ɗaure, gobe a ɗauki wani. Ƙungiya ce ta tsaya tsayin daka aka kawo takunkumin rufe hanci, aka yi wa injina marfi, aka daina korar mutum don ya kwanta jinyar kwana uku.

Amma akwai abin da ya tsaya wa Lasifika a maƙogwaro. A taron ƙungiya da ɗaga hannu ake yanke magana, a bi layi-layi ana ƙirgawa. A lokacin kuwa tsofaffin da suka yi ritaya suna da hannu kamar kowa. Duk sanda aka kawo zancen yajin aiki, sai su haɗa kai su ƙi, don tsoron kada masaƙa ta rufe, fanshonsu ya bi ruwa. Sau biyu suna kayar masa da yaji.

A karo na uku sai ya hau tebur ya daka tsawa: "Wanda ba ya shaƙar ƙura, ba ya ɗaga hannu!"

Zaure ya ɗauki tafi. Wani tsoho da ya ƙare aikinsa a ɗakin tukunyar tururi ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Yaro, ku bar mana ko da bakin magana ne. Mu ma mun shaƙi ƙurar nan, tana ƙirjinmu har yanzu."

"Baba, a je a huta," in ji Lasifika. "Gida ya fi zaure iska."

Aka yi dariya, doka ta wuce. Shi da kansa ya ɗauko gwangwanin fenti ruwan ɗorawa, ya durƙusa ya ja layi a ƙasan zauren, can wajen ƙofa. Aka jera wa tsofaffi benci a bayan layin. Su zo su saurara in suna so, amma ba hannu, ba baki.

Yajin ya yi kwana arba'in da ɗaya, kuma suka yi nasara. A wannan yajin aka samo asibitin ma'aikata a cikin harabar masaƙa, da kati ga kowane ma'aikaci da matarsa, har bayan ritaya, har ƙarshen rai. Ranar da aka sa hannu, a kafaɗa aka ɗauki Lasifika. Ko sau ɗaya bai waiwayi bencin baya ba.

To, shekaru ba sa neman izini. Wata rana shi ma aka ba shi agogon bango da takardar yabo, aka ɗauki hoto, aka raka shi bakin get.

Allah sarki, ritaya ba ta karɓe shi ba. Gidansa ba nisa da masaƙa, don haka kullum jiniyar safe sai ta same shi. Sai ya zabura ya laluɓo takalmin aiki, ya sa ƙafa ɗaya, sannan ya tuna. Shirun gida ya fi rugugin inji damun kunnensa. Ya rasa abin yi, ya koma kwance kayan gida.

"Malam, fankar nan lafiyarta ƙalau kafin ka taɓa ta," in ji matarsa.

"Tana wani ƙara, Gimbiya. Ke ba za ki ji ba."

"Yanzu kam ba ta ƙara, tunda ta daina juyawa."

Gimbiya yake ce mata tun suna amarci, har yanzu da furfura ta rufe su. Ta san ba fanka ke damun sa ba. Da yamma yakan ɗauki kujera ya zauna a bakin titi lokacin canjin aiki, yana kallon masu fitowa da auduga a gashin ido. Da fari kowa sai ya tsaya ya gaishe shi. A hankali tsofaffin fuskoki suka ragu, sababbi suna wuce shi suna danna waya. Wani lokaci ya karkata kai ya ce, "Inji na goma sha bakwai yana cin bel," ba kuma wanda zai kai wa saƙon.

Rana ɗaya ce a wata take dawo masa da ransa, ranar karɓar maganin Gimbiya. Ciwon suga da hawan jini sun daɗe da kama ta, kuma maganin nan ne ke riƙe da ita. In da a kemis za a saya, fanshonsa ba zai ɗauka ba. Ranar yakan yi aski, ya sa riga mai guga, ya riƙe katin a hannu tun daga gida. Da ya nuna, mai gadi ya buɗe get. Sai ya rage tafiya daidai tagar ɗakin saƙa, ya ja numfashi ya cika ƙirji da warin man inji.

"Wai ni ka rako asibiti, ko budurwarka ka zo gani?" Gimbiya kan tsokane shi.

Ana nan sai labari ya zo. Shekara uku ma'aikata suna neman ƙarin albashi. Kamfani ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: a cire 'yan ritaya da matansu daga asibitin. An sa ranar Asabar da safe za a ɗaga hannu a kai.

Lasifika bai tsaya karyawa ba, ya nufi ofishin ƙungiya. Ciyaman na yanzu a hannunsa ya koyi riƙon sifana. Ya taso da sauri ya ba shi kujera.

"Baba, da ka aiko ai ni zan zo."

"Bar wannan. Da gaske ne abin da nake ji?"

Ciyaman ya sunkuyar da kai. "Da gaske ne. Wallahi na yi iya yina, wata biyar muna ja da su. Baba, mutanena sun galabaita. Albashi yana tsaye, kasuwa tana gudu."

"Asibitin nan da yunwar kwana arba'in da ɗaya muka same shi!"

"Na sani. Amma ni bawan hannuwa ne, inda suka fi yawa nan nake bi. Kai ka koya mini haka."

Lasifika ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya fito.

Ranar Asabar zaure ya cika maƙil. Sabo turken wawa, da shigarsa sai ƙafafunsa suka nufi teburin gaba. Wani matashi mai kula da ƙofa ya tare shi cikin ladabi.

"Baba, yi haƙuri, bayan layi."

Ya dubi ƙasa. Layin yana nan ɗanye shar, ashe duk shekara ake sabunta fentin. Ya koma ya zauna a benci cikin tsofaffi ashirin da biyar, shi ne na ashirin da shida. Wasu da sanda, wasu da tari, kowa da katinsa a aljihu. Ba wanda ya ce masa komai, shi kuwa ya gwammace a zage shi.

A tsarin ƙungiyar, kowane mamba yana da minti uku na magana. Aka yi ta tashi ana zama. Wani masaƙi ya ce yana girmama iyayenmu na baya, amma shi ma yana da iyaye a gida da 'ya'ya biyar, kuma tukunya ba ta jin tarihi. Ba ƙarya ya yi ba, shi ya sa maganar ta yi zafi.

Sai wata mata daga sashen kaɗi ta miƙe, wadda ake kira Mai Zare. Shekaru da yawa baya an taɓa korar ta don tana da ciki, Lasifika ne ya yi ta zarya ofis har aka mayar da ita.

"Ciyaman, minti ukuna na ba Baba Lasifika."

Aka fara gunaguni. Ciyaman ya buɗe kundin dokoki ya duba, ya ce doka ta hana ɗan ritaya neman magana, amma ba ta hana a yi masa kyauta ba.

Lasifika ya miƙe ya tsaya, yatsun ƙafarsa daidai bakin layi. Mutumin da ya saba awa guda a kan tebur, yau muryarsa sai da na gaba suka yi tsit kafin su ji.

"'Ya'yana, ba zan ce ba ku da gaskiya ba. Na san yunwa. Layin nan da kuke gani, ni na ja shi da hannuna. Ranar wani tsoho ya roƙe ni, na ce ya je ya huta. Ya rasu ban nemi gafararsa ba." Ya ɗago kai ya dubi zauren. "Ina da mata a gida. Shekara talatin da biyu tana wanke mini kayan aiki. Maganinta a asibitin can yake. Ban zo da dabara ba, roƙo na zo. Kuma ku duba bencin nan da kyau, domin ba mu kaɗai aka yi wa shi ba."

Ko minti biyu bai cika ba ya zauna. Wasu mata suka shiga share ido da gefen mayafi.

Aka ce masu goyon bayan sharaɗin kamfani su ɗaga hannu. Masu ƙirga suka bi layi-layi: ɗari da goma sha huɗu. Aka ce waɗanda ba su yarda ba. Mai Zare ce ta fara ɗagawa, wasu suka bi, har da waɗanda ɗazu suke gunaguni. A bayan layi ma, ba tare da an haɗa baki ba, hannuwa ashirin da shida suka tashi. Mai ƙirga ya zo daidai fentin, ya juya ya koma.

Ɗari da uku.

Da hannu goma sha ɗaya aka kayar da su. Lasifika ya dubi hannuwan da ke gefensa, har lokacin ba su sauka ba. Bai buƙaci kowa ya yi masa lissafi ba.

Mai Zare ta biyo shi har bakin get tana kuka, tana cewa za ta kawo ƙudurin a goge layin a taro na gaba. Ya yi mata godiya. Ya san ko an goge, kamfani ya riga ya samu abin da yake so.

Ya tarar da Gimbiya a tsakar gida tana ninke wanki. Ta dubi fuskarsa sau ɗaya, ta ajiye rigar da ke hannunta, ta matsa masa a tabarma.

"An cire mu ko?"

"An cire mu."

Ta gyara zama. Can ta ce, "Allah yana nan. Amma dai ka ɗaga hannu?"

"Na ɗaga."

"Suka ƙirga?"

"Ba su ƙirga ba."

"Ikon Allah. Kai da ka gina musu ƙungiyar? Wane marar imani ne ya hana a ƙirga hannun tsoho?"

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan, da muryar da ko ita da ke gefensa da ƙyar ta ji, ya ce, "Ni ne, Gimbiya."

Darasi: Ƙungiya garkuwa ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wanda take jin muryarsa kaɗai take karewa. In kana da ƙarfi yau, kada ka rufe bakin waɗanda suka riga ka, domin dokar da ka kafa wa wani za ta jira ka har ka iso. Ma'aikacin yau shi ne ɗan fanshon gobe. Ku tura wa duk wani ma'aikaci da shugaban ƙungiya da kuka sani, ku kuma leƙa tsofaffin da suka yi aiki kafin ku.