Ƙotar Gatarin Maigari Nomau

An yi wani gari a gindin dutse ana ce masa Gangaren Marke. Mutanen garin suna da wata al'ada. Duk shekara in damina ta ƙarato, ba mai taɓa sassaben gona sai Maigari ya fita da gatarin kakan garin ya yi saran fari. Yakan sare reshen marke guda, a kawo a soke shi a rufin zaure. Dalilin sokewar kuwa, oho! An tarar ana yi, aka ci gaba da yi.

Shekarar da Maigari Arzika ya rasu aka naɗa ɗansa Nomau. Arzika ƙato ne marar yawan magana, ya tafi bai bar wa ɗansa ko kalmar wasiyya ba. Nomau kuwa siriri ne mai 'yan ƙananan hannuwa, kullum yana ganin uban bai taɓa ɗaukarsa a bakin kome ba, abin yana cin sa a rai.

Da hadari ya fara haɗowa daga gabas, Nomau ya sauko da gatarin daga rumbu. Ashe rumbun ya yi yoyo duk daminar da tsohon ke kwance. Tsatsa ta rufe ƙarfen, gara ta rarake ƙotar. In gatarin nan ya karye a gaban jama'a, cewa za a yi ƙasa ta ƙi Nomau, rawani ya koma gidan baffansa.

Ya tara manya. Sarkin Noma ya ce a jiƙa shi a ruwa, ƙota za ta kumbura ta kama. Madaki ya ce a saro ɗanyen reshe yau yau a ɗora. Gwaggonsa ta ce wallahi ba mai taɓa ƙotar nan, gumin kakanni ne a jikinta. Kowa ya yi magana sai Nomau ya ce, “Haka ne.” Aka watse kansa ya fi da ɗaurewa.

Ya koma bayan gida ya zauna gindin kuka da gatarin a cinya, yana cewa, “In na canja ƙota, na kaka ne ko nawa? In ban canja ba, gatari ne ma?”

Sai ya ji an ce daga sama, “Ranka ya daɗe, surutunka ya hana ni aiki.” Wani tsohon maƙwaƙwafi ne, tsuntsun nan mai huda itace da baki, wanda ke kan kukar tun zamanin kakan Nomau. Ya ce, “Kana neman ka yi irin ta Cindo.”

Nomau ya ce, “Wane ne kuma Cindo?”

Maƙwaƙwafi ya gyara tsayuwa ya ce, “Allah ya ja zamaninka, saurara ka ji.

“Cindo wani manomi ne mai son a sani. Ana shirin gayya a gonar surukinsa sai ƙotar gatarinsa ta tsage. Ya ruga daji ya saro ɗanyen reshe ya ɗora, ta kama tsam. Rana ta buge ta, ta tsotse, ƙarfe ya fara rawa. Ya tsoma ta a kwatarniya, ta kumbura ta kama. Ta bushe, rawar ta fi ta jiya. Shi dai bai gane ba, sai ƙara tsomawa yake yi.

“Ranar gayya, makaɗi ya wasa shi, Cindo ya ɗaga gatari har bayan ƙeya. Kawo hannun da zai yi, sai ƙota kaɗai ta sauko. Ƙarfen ya yi sama, ya wuce ta gefen hular surukin, ya je ya fille wa jakinsa kunne. Jaki ya yi cikin matan da ke rabon kunu, suruki ya zube yana salati, Cindo na tsaye da sanda a hannu yana duban sama. Kunya kamar ya nutse.

“Ya tafi wurin Tambai maƙeri yana faɗa, wai ƙarfen ne ke da aljanu. Tambai ya juya ƙarfen ya ce, ‘Zauna, Cindo. Kai da 'ya'yan Gagare ban san wanda ya fi wani ba.’ Cindo ya ce, ‘Me suka yi?’ Tambai ya ce:

“‘Gagare ya mutu ya bar gatari ɗaya da 'ya'ya biyu, Jatau da Barmo. Suka yi ta ja-in-ja, ƙarshe suka raba shi. Jatau ya ɗauki ƙota, ya ce nan hannun baba yake, ya rataye ta a bango yana shafa mata mai. Barmo ya ɗauki ƙarfe ya naɗe a tsumma, ya rantse ba zai haɗa shi da baƙuwar ƙota ba. Matansu suka koma girki da kara da kashin shanu, ga daji a bakin ƙofa.

“‘Ana nan sai wani abokin marigayin ya zo gaisuwa, ya ga ƙota a bango ya ji labarinta. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Wannan? Ai ni na sassaƙa masa ita bara waccan! Ƙotocin da ubanku ya cinye ba su ƙirguwa. Shi sara yake yi, ku kun zauna kuna gadi.”’

“Tambai ya miƙa wa Cindo ƙarfensa ya ce, ‘Su sun ƙi sabuwar ƙota, kai ka yi mata gaggawa. Ƙarfenka lafiyarsa lau. Ƙota tun ba a neme ta ba ake sare ta a ajiye.’”

Da maƙwaƙwafi ya gama, Nomau ya dafe kai ya ce, “Kai tsuntsun nan, ka ƙara dagula ni! Ka hana jiƙawa, ka hana ɗanye, tsohuwar kuma ka ce watakila ba ta kaka ba ce. Jibi ne saran fari. Busasshen marke mai dunƙulen kai ina zan same shi kafin jibi?”

Tsuntsu ya ce, “Haba, ɗan Arzika! A ina kake zama kullum kana yi wa mutane shari'a?”

“A zaure mana.”

“To, je ka ɗaga kanka.”

Nomau ya tafi yana gunaguni. Ya shiga zaure ya ɗaga kai. Ga rassan marken saran fari jere a rufi, hayaƙi ya baƙanta su, kowanne da dunƙulen kai, sun bushe ƙarau. Ya hau turmi yana taɓa su. Can a ƙarshe ya ji wani sumul, ya zaro. An riga an sassaƙe shi an goge, amma siriri ne, hannun ƙato irin na Arzika ba zai ji daɗinsa ba. Nomau ya riƙa, yatsunsa suka zagaye shi cif. Ya daɗe a kan turmin nan, hawaye na zuba, bai damu da wanda zai shigo ba.

Da kansa ya jiƙa ƙarfen a ruwan tsamiya, ya dirje tsatsar da yashi, ya wasa bakin a dutse. Maƙerin gari ya gasa wutsiyar ƙarfen ta yi jawur, ya luma ta cikin kan ƙotar, hayaƙi ya tashi, ta zauna daram. Tsohuwar ƙota kuwa Nomau ya kai wa gwaggonsa, ta karɓa tana harararsa.

Ya koma gindin kuka ya ce, “Malam tsuntsu, na ji, na kuma ɗauka.”

Maƙwaƙwafi ya ce, “Madalla. Sai ka bar ni in yi aikina.”

Ranar saran fari jama'a suka taru a bakin daji. Nomau ya yi ta zagaya marke, ya duba wannan reshe ya wuce, ya shafa wancan ya girgiza kai. Rana ta yi zafi, Madaki ya gaji ya ce, “Ranka ya daɗe, reshe ai reshe ne, ko wanne ka sare ya yi.”

Nomau ya ce, “Bari in zaɓa da kyau, Madaki. Ba nawa ba ne, na mai gadona ne.”

Sa'an nan ya ɗaga gatari ya kai sara.