Gauraka da Kwamfutarsa Mai Ruwan Zinariya

An yi wani Gauraka a bakin Tafkin Maraya, mai ji da kansa ƙwarai. Ba ya wuce ruwa bai tsaya ya duba tukkunsa ba. Yana da kwamfuta, shekararta goma sha biyu, kowace sallah sai ya sake mata fenti ruwan zinariya. A cikinta ya ajiye abin da ya fi so a duniya: bidiyon rawar da ya taka yana saurayi, ranar da ya cinye gasar tsuntsaye. Ya riga ya yi wa surukansa alkawarin nuna musu shi ran Juma'a, a bikin 'yarsa.

Maƙwabciyarsa Bushiya ma tana da tata, sa'ar tasa ce, har murfinta ya tsage an ɗaure da roba.

Da damina ta faɗi, Shamuwa ta dawo daga tafiye-tafiyenta da tsaraba: sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da dukan aikin kwamfuta.

Ta ce, "Amma tana da sharaɗi. Sai na gwada ƙwaƙwalwar kowace kwamfuta da ƙarfin injinta, in ga ko za ta iya ɗauka."

Bushiya ta turo tata. Shamuwa ta gwada, ta girgiza kai. "Iya Bushiya, wannan ba za ta ɗauka ba."

"To madalla da kika faɗa mini. Ba ki da wata mara nauyi, daidai ƙarfinta?"

"Akwai."

"Zuba mata ita. Shekara goma sha biyu tana mini aiki, ba zan karya mata baya da tsufanta ba."

Gauraka ya tuntsire da dariya. "Manhajar gajiyayyu! Ai daga ganin robar nan an san ƙarshen zancen. Hajiya Shamuwa, zuba wa tawa sabuwar."

"Bari in gwada tukuna, Malam Gauraka."

"Gwaji? Ba ki da ido ne? Dubi ƙyallinta!"

"Manhaja ba ta ganin fenti. In ka matsa, aƙalla kwafe bidiyonka a wani wuri."

"Mai shakkar kayansa shi ke kwafewa," in ji Gauraka. Ya fizge manhajar ya tafi gida, ya tsallake gwajin, ya danna ta da ƙarfin tsiya.

Kwamfuta ta yi gurnani, ta ɗau zafi kamar tukunyar tuwo. Can allon ya yi baƙi. Ya kashe ya kunna, ya hura mata iska da fiffike, shiru. Da Shamuwa ta zo ta duba sai ta ce, "Sabuwar ba ta zauna ba, tsohuwar ta goge. Bidiyon ma ya bi ta."

Ran Juma'a surukai suka cika bakin tafki. Kwamfutar Bushiya ce ke sakin kiɗa, ras da ita, Bushiya na zaune kusa da ita ta baza ƙayoyi don daɗi.

Babban surukin ya ce, "Ranka ya daɗe, ina rawar da aka yi ta ba mu labari?"

Gauraka ya ɗaga wuya. "Me za ku yi da hoto, ga mai rawar a gabanku?"

Ya buɗe fiffike, ya yi tsalle ɗaya, ya yi na biyu. A na uku gwiwa ta ce ba da ita ba, sai ga shi jagwab a cikin taɓo, tukku ya yi dumu-dumu.

Bushiya ta rage kiɗan, ta leƙo. "Sannu, maƙwabci. In sa maka kiɗa mai sanyi, daidai ƙarfinka?"

Gauraka ya goge taɓo daga ido, ya ce a hankali, "Sa, Iya."

Darasin wannan labari shi ne, tsufa ba abin kunya ba ne. Ku auna ƙarfin abu kafin ku ɗora masa kaya, yara, kuma abin da kuke ƙauna kada ku ajiye shi wuri ɗaya tak.