Hancin Yaya a Madadin na Auta

Akwai wata mata mai kiwon kaji a bayan ɗakinta, Maman Auta ake ce mata. Ba ta da mugunta, sai dai zurfin ciki. Ko wuta ce ta kama zaninta, sai ta ce ɗumi take ji.

Ran nan kaji huɗu suka mutu mata. Ta binne su shiru. Bayan kwana biyu Auta, wadda ita ke ɗibar ƙwai, ta kwanta da zazzaɓi da tari.

Sai ga ma'aikaciyar lafiya ta yi sallama da akwatin ƙanƙara a hannu. Ta ce murar tsuntsaye suke bi gida-gida, kuma an ce nan akwai yarinya mai tari. Auduga kawai za ta goga a hancinta, a kai ɗakin gwaji.

Maman Auta ta yi saurin lissafi. In aka samu cutar, ƙona kajin za a yi. Ta saki labulen ɗakin da Auta ke kwance, ta jawo yayar Auta, wadda lafiyarta ƙalau.

"Ga ta nan. Ke, yi tarin mana."

Yarinyar ta ƙaƙaro tari.

"Wannan tari kamar na aro," in ji ma'aikaciyar tana dariya. "Maman yara, kaji fa? Ba wadda ta mutu?"

"Ko ɗaya."

Aka goga audugar a hancin yayar. Takardar gwaji ta dawo da sunan Auta, wai babu cuta.

Da numfashin Auta ya fara sarƙewa aka kai ta asibiti. Likita ya duba takardar, ya ce to ba mura ba ce, ya ba da maganin zazzaɓin sauro. Kwana uku ana maganin abin da babu. Maman Auta na bakin gado tana kallo.

Rana ta huɗu ma'aikaciyar ta ratso ɗakin, ta karanta sunan da ke jikin gadon, ta tsaya cak.

"Ba wannan na gwada ba. Waccan tana da wushirya."

Nan fa Maman Auta ta faɗi komai tana kuka. Aka sake gwaji, ga cuta.

"Maganin nan da wuri yake ci, Mama," in ji likita. "Kin cinye mana kwanakin."

Auta ta tashi, amma har yau ko ƙofar gida ta ruga sai ta dafe ƙirji. Kajin kuwa da kansu suka ƙare, tun kafin a zo ƙona su.

Darasin shi ne, ɗakin gwaji bai san gaibu ba, hancin da aka ba shi kawai ya sani. In masu gwaji sun zo, a ɗaga musu labule. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.